Doki Nawa Jirginka Ke Buƙata? Zaɓen Injin Bayan Jirgi a Bahar Maliya

Wata ranar Alhamis da hantsi wani Alhaji ya same ni a bakin Sharm Abhur, mashigin teku da ke arewa da Jidda, ina kwance ƙafar wani inji, wato ɓangarensa na ƙasa da ke shiga ruwa da farfela. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, jirgin faiba na saya mai tsawon ƙafa 25. Yarona ya nace sai in sa masa inji mai ƙarfin doki 200, ni kuwa na ce 90 ta wadatar. Ba na son inji mai zuƙar mai."

Na goge hannu na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, in dai don mai ne, wannan 90 ɗin ce za ta fi taɓa maka aljihu."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ban ga laifinsa ba, domin a tudu haka abin yake, ƙaramar mota ta fi babba tattalin mai. A teku lissafin daban ne. Injin da kaya suka fi ƙarfinsa zai wuni totur a ƙure, yana kuka yana shan iyakar abin da zai iya sha, jirgin kuwa yana tafiyar hawainiya. Wanda ya ɗara shi ƙarfi zai yi wannan tafiyar da sauran totur a hannu. Don haka tambayar da ta dace ita ce lita nawa inji ke ci a kowane mil, ba lita nawa a awa ba. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: wane irin ciki jirginka yake da shi?

Jirage iri biyu ne. Akwai mai tura ruwa, akwai mai hawa ruwa.

Mai tura ruwa shi ne irin sambuƙ na katako mai nauyi da zagayayyen ciki. Wannan tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Magina jirage suna da lissafinsa: a ɗauki tushen murabba'in tsawon jirgin a layin ruwa da ma'aunin ƙafa, a ninka da 1.34. Jirgin da layin ruwansa ƙafa 36 ne, tushensa 6, gudunsa ke nan mil 8 na teku a awa, abin da Larabawa ke kira uƙda 8. Mil ɗin teku kuwa kilomita 1.852 ne. Ko ka ɗora masa doki 200 ba zai wuce hakan da wani abin kirki ba, sai dai ya dasa gindi a ruwa ya tayar da igiya a bayansa. Irin wannan doki 4 zuwa 6 ga kowane tan na nauyinsa ya ishe shi. Mai tan 5, inji 40 ya yi masa har da rara don iska. In jirginka wannan ne, ka tsallake zuwa mataki na biyar.

Mai hawa ruwa shi ne yawancin jiragen faiba da ke jere a Abhur da Rabig da Jizan. Shi idan ya sami ƙarfin da ya dace sai ya ɗago daga cikin ruwa ya riƙa sulɓi a kansa. Tafiyarsa kashi uku ce. A hankali, mil 5 ko 6 a awa, ba ya cin komai. Idan ya hau ruwa ya miƙe, yana ci daidai gwargwado. Amma tsakanin biyun, wajen mil 8 zuwa 14, nan ne ramin da ke haɗiye mai: hanci a sama, baya a nutse, jirgi yana huɗar ruwa kamar garma. Duk zancen zaɓen inji a kan abu ɗaya yake, jirginka ya tsallake wannan ramin da sauri, kuma ya zauna a bayansa ba tare da an ƙure totur ba.

Mataki na biyu: auna jirgin da kayansa, ba a bushe ba

A nan mutane ke cutar kansu. Mai sayarwa zai gwada maka jirgi da mutum biyu da jarka ɗaya cikin kwantaccen ruwan sharm, ka ga yana gudu kamar barewa. Ranar fita ta gaske kuwa da ƙanƙara da anga da abokai za ka fita.

Ka ɗauki takarda ka rubuta komai. Ga lissafin da muka yi da Alhajin nan:

Gangar jirgi: kilo 1,100
Inji: 220
Fetur lita 200: 150, domin litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce
Mutum huɗu: 300
Ƙanƙara da akwatinta: 200
Anga, igiya, batir biyu, ruwan sha, kayan kamu: 130
Kifin da ake fatan dawowa da shi: 150

Jimla kilo 2,250. Wato ninki biyu na abin da aka rubuta masa a takardar ciniki. Alhaji ya ce, "Ashe ƙanƙarar ma sai an ba ta doki." Na ce ƙwarai kuwa, da ita da wanda ya ci shinkafar mandi ya ƙoshi kafin ya shigo.

Mataki na uku: raba nauyin, sannan ka duba allon kamfani

Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ga jirgi mai hawa ruwa ita ce doki ɗaya ga kowane kilo 11 zuwa 18. Raba 2,250 da 18, ka sami 125. Raba da 11, ka sami kusan 205. Ke nan injin jirgin nan yana tsakanin 125 da 200. Doki 90 bai ma shiga zance ba, 115 kuma yana bakin ƙofa.

A wane gefe za ka tsaya cikin wannan tazarar? Siffar jirgin ce za ta gaya maka. Dogon siririn jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki ta baya, irin wanda masunta ke so daga Ƙunfuza har Bur Sudan, yana hawa ruwa da sauƙi, wani lokaci ma da ƙasa da abin da ƙa'idar ta ce. Shi ya sa za ka ga mai ƙafa 23 yana tafiya lafiya da 60 ko 75. Jirgi mai faɗi da ciki mai tsini sosai, wanda ke yanka igiya ba ya dukan ƙashin baya, shi kuwa mayunwacin ƙarfi ne, ka ba shi daga saman tazarar.

Sai ka ƙara abin da takardar kamfani ba ta sani ba, wato zafin ƙasar nan. Ana gwada ƙarfin inji ne cikin iska mai matsakaicin sanyi. A watan Agusta a Jidda, ga zafi ga danshi, iskar da inji ke shaƙa ba ta da kauri, yana iya rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa. Wanda ya sayi inji daidai wa daida a watan Janairu, da rani ya yi zai ga jirgi ya ƙi hawa ruwa, ya yi ta zargin bakanike.

Yanzu ka leƙa kusa da sitiyari ko allon baya, wato bangon bayan jirgi inda ake rataya inji. Jiragen kamfani suna zuwa da ɗan allo da aka rubuta iyakar dokin da aka yarda a ɗora. Wannan iyaka ba a ƙetare ta, komai daɗin bakin mai sayarwa. Inji da ya wuce kima yana tsaga allon baya, yana nutsar da gindin jirgi har igiya ta riƙa shigowa ta nan, kuma sitiyari ya zama abin tsoro a kwana. A ra'ayina, ga jirgin da zai fita nesa da gaɓa, a tsaya tsakanin kashi uku cikin huɗu na wannan iyaka zuwa ita kanta. Allon jirgin Alhaji 200 ya ce, don haka 150 zuwa 200. In jirginka ƙirar ƙaramin maƙeri ne ba shi da allo, ka koma wa wanda ya ƙera shi ka tambaya, ka kuma ga abin da jirage irinsa suka shekara suna ɗauka.

Mataki na huɗu: lita a mil

Injin fetur mai bugu huɗu, wato wanda ba a haɗa wa baƙin mai da fetur, idan aka ƙure masa totur, yana shan tsakanin kashi ɗaya cikin uku na lita zuwa 0.4 ga kowane doki a awa. Wato 150 a ƙure zai sha wajen lita 55 zuwa 60 a awa, 115 kuma wajen 40. Wannan adadin ne ke firgita mutane su gudu wajen ƙarami. Abin da ba sa lura da shi, shan man ba ya sauka daidai da saukar juyi, faɗuwa yake yi. Injin da iyakarsa juyi 6,000 a minti, in ka mayar da shi 4,000 sau da yawa ba ya shan rabin abin da yake sha a ƙure. Yawancin jiragen nan sun fi tattali tsakanin juyi 3,500 da 4,200.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai, a kan jirgin nan mai kilo 2,250, ana son tafiyar mil 22 a awa. A ce da 115 sai an kai juyi 5,500 kafin a sami wannan gudu, yana shan lita 38 a awa. Raba 38 da 22, lita 1.7 ke nan a kowane mil. A ce da 175 ana samun gudun a juyi 4,000 da lita 28 a awa. Lita 1.3 a mil. Fita ɗaya ta mil 60, zuwa da dawowa da yawon neman kifi tsakanin duwatsun murjani, ƙaramin ya sha lita 104, babban ya sha 76.

Bari in faɗi gaskiya a kan kuɗin. A Saudiyya tun watan Yulin 2021 aka tsayar da litar fetur 91 a riyal 2.18, na 95 kuma 2.33. Bambancin lita 28 ke nan wajen riyal 60 a fita ɗaya. Ga wanda ke fita sau biyu a wata don nishaɗi, wannan ba zai mayar masa da ƙarin kuɗin babban inji da wuri ba. Ga mai sana'a da ke fita sau ɗari a shekara yana kai kifin najil da sha'ur kasuwar kifi ta Bangala a Jidda, riyal dubu shida ne. 'Yan'uwanmu da ke ɗaya gaɓar, a Bur Sudan da Sawakin, inda fetur ke tsada kuma ba kullum ake samunsa ba, su lissafin ya fi wannan zafi. Amma ko a inda mai ke araha, akwai abin da kuɗi ba ya saye a tsakiyar teku: nisan da tankinka zai kai ka. Da lita 200, mai 1.3 ya fi mai 1.7 nisa da fiye da mil 30. Ga kuma tsawon ran inji, domin wanda ke wuni a juyi 5,500 ba zai tsufa tare da mai wuni a 4,000 ba.

Kada kuma a ɗauka girma kullum riba ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai wurin da ƙarin doki ke zuwa da ƙarin nauyi. Kamfanoni kan fitar da ƙarfi biyu ko uku daga gangar inji ɗaya. A wajen Yamaha, F175 da F200 silinda huɗu ne mai lita 2.8, F225 da F250 da F300 kuma silinda shida mai lita 4.2. A wajen Suzuki, DF150 da DF175 da DF200A duk silinda huɗu ne mai kusan lita 2.9. In kana cikin gida ɗaya, ɗaukar babban ba ya ƙara maka nauyi, kuma a gudu iri ɗaya shan mansu kusan ɗaya ne. In kuwa za ka tsallaka daga silinda huɗu zuwa shida, ka rataya wa allon baya ƙarin kilo talatin ko fiye, ka tabbata jirgin na buƙata. Ga Alhaji na ce 175 ko 200 mai silinda huɗu, ya zaɓi wanda aljihu ya yarda. Yaron nasa ashe ya fi kusa da gaskiya, ko da yake na san gudu ne a ransa ba tattali ba.

Mataki na biyar: bugu biyu ko bugu huɗu

Tsohon mai bugu biyu mai kafireta, wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur kamar ƙaramin janareto, yana shan kusan rabin lita ga kowane doki a awa idan an ƙure. Enduro 40 na Yamaha wajen lita 20 ke nan. Sannan ga baƙin mai, lita ɗaya cikin hamsin na fetur, duk yana ƙonewa tare. Ya fi ɓarna a ƙaramin gudu, lokacin da ake jan ƙugiya ana neman kifin dirak, domin wani ɓangare na fetur ɗin ta salansa yake fita bai ƙone ba. Mai bugu huɗu mai injekta ya fi shi tattali nesa ba kusa ba.

Duk da haka ba zan ce wa masuncin da ke nesa da gari ya watsar da shi ba. Ba shi da nauyi, mutum biyu za su ɗauke shi, kowane bakanike a gaɓar nan ya san cikinsa, kuma yana jure man da ba shi da tsabta fiye da injekta. Wanda ke Jidda ko Yanbu inda dillalai da kwamfutar duba inji suke, bugu huɗu ya fi masa. Wanda in inji ya tsaya sai da sukundireba da filogi a hannunsa zai dawo gida, ya san abin da ya fi masa.

Mataki na shida: inji ɗaya ko biyu

Biyu masu 100 ba su kai ɗaya mai 200 tattali ba. Ƙafa biyu ke jan ruwa, nauyi ya ƙaru, juyen baƙin mai duk awa ɗari ya zama ninki biyu. Amfaninsu ɗaya ne, in ɗaya ya mutu ɗaya ya dawo da kai. To amma fa in daga tanki ɗaya suke sha kuma ruwa ya shiga man, tare za su mutu. Ga jirgin da bai wuce ƙafa 27 ba, na fi son babban inji ɗaya da ɗan ƙaramin mai 15 a gefe, da jarkarsa daban. Ba zai hau ruwa da kai ba, amma zai hana iska ta kai ka kan murjani.

Mataki na bakwai: ƙafa da farfela

Wannan na koye shi da kuɗina. Shekarun baya na ɗora wa jirgin wani ɗan'uwa sabon 150, muka bar farfelar da mai shago ya haɗo mana da ita ba mu tambaya ba. Da kaya a ciki, totur a ƙure, allurar juyi ta tsaya a 4,700 ta ƙi gaba. Wata uku yana ƙorafin inji ba ƙarfi, yana shan mai kamar rairayi, filogi suna fitowa baƙi ƙirin. Har ya fara zancen sayarwa. Ashe takun farfelar, wato nisan da take turawa gaba a kowane juyi, shi ne ya yi tsawo, kamar mai hawan dutse da giya ta biyar. Muka sauke ta daga inci 21 zuwa 17, allura ta hau 5,500, jirgin da ke jan jiki kafin ya tashi sai ga shi yana miƙewa nan take.

Ƙa'idar ke nan. Littafin kowane inji ya faɗi juyin da ya kamata ya kai a ƙure. A ce misali 5,000 zuwa 6,000 ne. Da cikakken kayanka, ka nemi ya faɗa rabin sama na wannan tazara. Kowane inci ɗaya na taku yana sauya juyi da 150 zuwa 200. Ka rage taku juyi ya hau, ka ƙara ya sauka. Kada ka yanke wa inji hukuncin ƙanƙanta sai ka tabbatar da farfelarsa.

Tsawon ƙafa kuwa inci 15, 20, 25 ko 30 ake yi. Auna allon baya daga sama zuwa ƙasan ciki. Faffaɗan farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgin. In ya nutse da yawa ƙafar na jan ruwa a banza, in ya yi sama farfela ta riƙa shaƙar iska duk lokacin da igiya ta ɗaga baya.

Mataki na takwas: gwaji a ruwa

Gani ya kori ji. In da hali, kafin ka biya ka nemi mai jirgi irin naka da injin da kake so, ka saya masa mai ku fita. Ku ɗauki kaya kamar na ranar aiki, in babu mutane ku cika jarkoki da ruwa. Sababbin injuna suna nuna lita a awa a agogonsu, GPS kuma ko na waya zai ba ka gudu. Rubuta biyun a juyi 3,000, 3,500, 4,000, 4,500 da 5,000. Kowanne ka yi shi sau biyu, ɗaya kana fuskantar iska ɗaya tana bayanka, ka ɗauki tsaka-tsaki. Raba lita da gudu. Inda adadin ya fi ƙanƙanta, nan ne mazaunin jirginka, ka sa alama da fenti a gilashin agogon.

In inji ba shi da wannan agogo, ka jona shi da jarka da ka cika zuwa wani layi, ka yi mil biyu zuwa biyu dawowa a juyi ɗaya, ka sake cikawa da ma'aunin lita ka ga abin da ya tafi. Yana cin lokaci, amma rana ɗaya ce.

Kana kan gwajin ka yi wasa da maɓallin ɗaga ƙafa. Wajen tashi ƙafa a ƙasa ƙwarai. Da jirgi ya miƙe ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, za ka ji sitiyari ya yi sauƙi, gudu ya ƙaru ba ka taɓa totur ba. Da hanci ya fara tsalle ka mayar kaɗan. Ka kuma lura da mafi ƙarancin gudun da jirgin ke iya riƙe hawansa. Ranar da teku ta tashi ba za ka iya mil 22 ba, sai 15 ko 16, kuma injin da ke da sauran ƙarfi ne kawai zai riƙe ka a sama a wannan gudun maimakon ka koma huɗa.

Adadin da ka samu na jirgi mai tsabtataccen ciki ne. Bahar Maliya ruwa ne mai ɗumi da gishiri, wajen giram 40 a lita inda sauran tekuna ke da 35, kuma jirgin da ke kwana a ruwa 'yan makonni kaɗan sun isa gansakuka da 'yan ƙananan katantanwa su manne masa. In ka ga gudu ya ragu a juyin da ka saba, ka fara leƙa ƙasan jirgi da farfela kafin ka kira ni.

Mataki na tara: mayar da lissafin kan tanki

Ana raba mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Tafiyar da ke cin lita 76, ka tashi da 114 aƙalla. Mai cin 104 sai da 156. A gaɓar Jidda iskar arewa ce ta fi yawa, kuma takan ƙara ƙarfi bayan azahar. Wanda ya nufi arewa da asuba zai dawo tana tura shi. Wanda ya gangara kudu wajen Shu'aiba kuwa, da ita zai yi karo wajen dawowa, ga jirgi ya ƙara nauyin kifi, don haka kason dawowarsa ya fi na zuwa. Can kudu wajen Jizan da Farasan, da sanyi iskar azyab ce ke tasowa daga kudu, sai a juya lissafin. Da wannan adadin a hannu kake sanin lokacin dawowar da za ka faɗa wa masu tsaron iyaka na Haras al-Hudud idan ka je karɓar izinin fita.

Alhaji ya ɗauki 175 da farfela mai taku 17. Gwajinmu ya nuna mazauninsa a juyi 3,900. Na sa masa ɗigon jan fenti a wurin, na ce wa yaron, "Ɗana, in Baba yana ciki, allura ba ta wuce nan." Ya ce, "To, Kawu," yana kallon totur ɗin.